Faɗaɗa Ɗakin Harsashi: Abin da Ƙarfe Ya Ce, da Abin da Doka Ta Ce

A Amurka akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne gyaran bindiga, kamar yadda wasu a nan suke kiwon tantabaru ko yi wa tsohon babur kwaskwarima. Mutum zai sayi bindiga mai araha, irin wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi ɗaya tal, kamar Handi-Rifle da kamfanin H&R ya daɗe yana ƙerawa a baya, sai ya shige garejinsa ranar hutu ya faɗaɗa ramin da harsashi ke zama a ciki domin ta karɓi wani harsashi daban. Bidiyon irin wannan aiki yana yawo a wayoyinmu, kuma duk wanda ya zauna da 'yan sashen injiniyan kanikanci ya san inda hirar take ƙarewa: "Ai mu ma muna da injin sassaƙar ƙarfe a wokshof, me zai gagare mu?" Da a ce shekara ashirin baya ne, da sai in ce surutun hostel ne kawai. Amma ɗalibin da iyayensa ke Zurmi ko Shinkafi, wanda sai ya yi addu'a sau uku kafin ya hau motar gida, idan ya faɗi haka ba duka maganar ce wasa ba.

Ba zan koya wa kowa yadda ake yin aikin ba. Abin da nake so shi ne mu ɗauki darasin ƙarfin kayan aiki da muka haddace domin jarrabawa, mu ɗora shi a kan bindiga, mu ga abin da zai faɗa mana.

Mu fara da sunaye. Bututun bindiga ba faɗinsa ɗaya ba ne daga farko har ƙarshe. A can baya, wajen fuskar mai harbi, akwai wani ɗan wuri da aka sassaƙa daidai da siffar kwanson harsashi, kamar yadda ake ɗinka kube daidai da wuƙarsa. Shi nake kira ɗakin harsashi. A nan albarushi ke kamawa da wuta, a nan kuma matsi ya fi kowane wuri ƙarfi. Ku duba hoton kowace bindigar kamfani, za ku ga bututun ya fi kauri ta baya, yana sirancewa zuwa baki. Ba ado ba ne. An tara ƙarfen ne a inda ake tsoro. To shi mai faɗaɗa ɗaki, daga daidai wannan wurin yake kankare ƙarfe.

Wane irin matsi muke magana a kai? Idan ka kai mota wajen mai faci, zai ba tayar iska har ma'auninsa ya nuna 30 ko 35, kuma kowa ya san ƙarar da taya ke yi idan ta fashe a kan wannan ɗan adadi. Da wannan ma'auni ɗin, iyakar da masana'antun Amurka suka yarda da ita ga harsashin bindigar farauta mai lamba 12, wato irin mai baki biyun da maharba suka sani, ita ce 11,500. Harsashin AK-47 yana kai wa 45,000. Wani harsashin farauta da ake kira .308 yana kai wa 62,000, kusan ninki dubu biyu na iskar taya. Duk wannan a cikin kamar kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa yake tashi. Na yi lissafin mafi ƙanƙanta daga cikinsu, mai lamba 12 ɗin: idan ka ninka matsin da faɗin cikin bututu, ƙarfin da ke tura gindin kwanso baya ya haura tan biyu. Buhun masara ashirin ke nan da ɗoriya, an jefo su lokaci guda a kan wani ɗan marfi da bai kai tafin hannu ba, kuma bayan marfin nan idon mutum ne.

Yanzu ga lissafin aji. Wahalar da bangon bututu ke sha tana daidai da matsi, a ninka da rabin faɗin rami, a raba da kaurin bango. Wannan na bututu mai siririn bango ne. Ga mai kauri akwai lissafin Lamé da malaminmu ya sa muka yi gumi a kai, amma duk hanya ɗaya suka nufa. Abin lura shi ne idan ka faɗaɗa rami daga ciki, ɓarna biyu ka yi da bugu ɗaya: lambar sama ta ƙaru, ta ƙasa ta ragu. A ce rabin faɗin wani bututu, ko na mene ne, 10 ne, kaurinsa 5. Rabon ya zama 2. Ka kankare 1 kacal daga ciki, sai ya koma 11 bisa 4, wato 2.75. Ɗan abin da ido ba zai ma lura da shi ba ya ƙara wa bango wahala da fiye da kashi 37 cikin ɗari. Sannan a tuna, mai faɗaɗa ɗaki galibi don ya saka harsashi mafi girma yake yi, wanda albarushinsa ya fi yawa. Ka rage bango, ka ƙara wuta.

Wannan lissafin ne kuma ya bayyana abin da duk wanda ya taɓa ganin fasasshiyar bindiga ya gani. Ba ta karyewa gida biyu kamar rake. Tsagewa take yi a tsaye, kamar an faskara gora, domin ƙarfin da ke neman buɗe bututu ta gefe ya ninka wanda ke jan sa ta tsawo sau biyu. Kuma a ina hannun hagu yake lokacin harbi? A ƙarƙashin bututun, yana riƙe da shi. A unguwarmu a Ɗan Isa akwai wani dattijo maharbi da muka taso muna gani da yatsu biyu a hannun hagu. Muna yara mun ɗauka kura ce ta cinye sauran, shi ma bai taɓa gyara mana labarin ba. Sai da na girma na ji cewa bindigarsa ce, wadda ya yi shekaru yana farauta da ita lafiya lau.

Wannan "shekaru lafiya lau" ita ce ta fi yaudarar mutane. Za ka ji ana cewa, "Ai an gwada ta, ta tashi, ba ta yi komai ba." Ƙarfe yana gajiya. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa sau ɗaya, ba za ta karye ba. Ka ci gaba, a karo na ashirin sai ta rabu a hannunka ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Kowane harbi yana buɗe bangon bututu kaɗan ya sake shi. Idan akwai wani ɗan zane da bakin injin ya bari a ciki, ko ramin tsatsa, ko layin walda, daga nan tsaga ke farawa, tana tafiya a hankali inda ido ba ya gani. Harbi na ɗari da ɗaya ba ya da bambanci da na farko, bangon ne ya riga ya ƙare. Irin wannan gajiyar ce ta tarwatsa jiragen saman Comet na Ingila a sararin sama a 1954, jiragen da manyan injiniyoyin zamaninsu suka ƙera. Balle bututun ruwa, wanda asalinsa fallen ƙarfe ne aka naɗe aka haɗa da walda daga sama har ƙasa, aka yi shi don ya kai ruwa banɗaki.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya nunawa sosai saboda ba ya da daɗin kallo. Tsakanin gindin kwanso da marfin da ke tare shi akwai tazarar da dole ta tsaya daidai, kuma kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Idan ta yi yawa, kwanson tagulla zai miƙe ya yage, iskar wuta ta fito ta baya. A bindigar da ake karyawa, duk wannan nauyi yana kan ƙusa ɗaya da sakata ɗaya, waɗanda kamfani ya auna su daidai da harsashin asali, ba wanda wani ya yi sha'awa daga baya ba. Mai araha kuwa, sunanta ya faɗi komai: ba a zuba mata ƙarfen da ya wuce buƙata ba.

To me ya sa su can suke yi su kwana lafiya? Da farko ba duka ke kwana lafiya ba. Wanda hannunsa ya tafi ba ya ɗora bidiyo. Na biyu, mutumin garejin nan ba shi kaɗai yake aiki ba, ko da shi kaɗai ka gani. Bayansa akwai kamfanin da ya narka ƙarfen ya san abin da ke cikinsa, akwai ma'aunan da aka buga aka yarda da su, akwai kayan awo da aka tantance. A Turai abin ya ma fi haka tsanani. A Ingila, tun 1637 ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta samu izinin gwada bindigogi, aka kuma kafa gidan gwaji na Birmingham a 1813, yana nan yana aiki har yau. Ana saka wa bindiga harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan, a harba ta a cikin rufaffen ɗaki ba kowa kusa, a duba ta, in ta tsira a buga mata hatimi. Ƙasashen da ke cikin hukumar C.I.P., wadda aka kafa a 1914, suna gwada doguwar bindiga da matsin da ya ɗara na yau da kullum da kashi 25 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a dokar Ingila, bindigar da aka taɓa ɗakin harsashinta ta fita daga hatiminta, laifi ne a sayar da ita sai an mayar da ita gidan gwaji. Wato mutanen da suka yi shekara ɗari huɗu suna wannan sana'a ba su yarda da idon gwaninsu ba. Mu a nan gidan gwajinmu shi ne hannun wanda ya fara harbawa.

Kada wani ya ɗauka raina maƙeranmu nake yi. Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma maƙera sun daɗe suna gyara ta. Bindigar da Turawa ke kira ta 'yan Denmark ta samo sunanta ne daga fataken ƙasar da suka yi ciniki a gaɓar tekun Ghana ta yau, daga can ire-irenta suka yi ta hawowa arewa, wasu kuma suka ratso Sahara. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, har igwa ake zubawa a Zinder. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, aka bar mana masu ɗurin baki. Sakamakon haka ya bayyana a fili a Sakkwato a Maris ɗin 1903. Abin da ya rage a hannun maƙera shi ne bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, ta maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar sarki a hawan salla. Ku lura ma da yadda kalmar ta lalace a bakinmu. Kakanninmu idan suka ce 'yan bindiga, mutanen fada suke nufi, masu cika gari da hayaƙi ranar idi.

Ilimin maƙerin gargajiya a kan baƙin albarushi ya ginu, wanda matsinsa ke da iyaka, kuma ya gaji sanin gwargwadonsa daga uba da kaka. Matsalar ta zo ne da aka haɗa tsohuwar ƙira da sabon harsashi. Albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, shi ne ke cikin harsashin zamani, kuma wani abu ne daban: kaɗan daga cikinsa yana yin aikin mai yawa na baƙin, kuma gwargwadon yadda aka matse shi, gwargwadon saurin cinsa. Bututun da zai yi shekara talatin da baƙin albarushi yana iya tarwatsewa a harbin farko da wannan. Masaba da uwar maƙera da zugazugi ba su da hanyar gaya wa mutum abin da ke cikin ƙarfe, haka ma injin wokshof ɗinmu. Injin yana yanka abin da ka ba shi ne kawai, ba ya tambayar asalinsa.

Ko bindigar toka ta halal, mai lasisi, tana da nata tarkon. Tokar baƙin albarushi tana jan danshi, sai tsatsa ta ci bututu daga ciki alhali waje yana sheƙi da mai. Bindigar da aka jingine a kusurwar ɗaki tun damina, zanzaro yana iya gina gidansa na laka a cikinta. Wanda ya yi tuntuɓe a fadama bakin bindiga ya caki ƙasa, ya toshe ta bai sani ba. Sai kuma mai mantuwa da ya yi ɗuri a kan ɗuri. Duk abu ɗaya ne a lissafi: iska ta rasa hanyar gaba, sai ta nemi ta gefe.

Mu koma ga doka, domin nan ne bambancinmu da mutumin gareji ya fi girma. Dokar tarayya a Amurka ta bar mutum ya gyara, har ya ƙera, irin wannan bindiga don amfanin kansa, ko da yake wasu jihohi sun ƙara nasu sharuɗɗa. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ce ke aiki, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta, waɗanda ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗurin baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Dokar ba ta tsaya kan mallaka ba. Ta hana ƙerawa, da harhaɗawa, da ma gyarawa, sai a ma'ajiyar makaman gwamnati ko da izini na musamman a rubuce. Hukuncin ƙera bindiga ba izini yana farawa ne daga shekara goma a gidan yari. Babu sakin layin da ya ce "sai dai in furojet ne", babu wanda ya ce "sai dai in sha'awa ce". Shekara goma ta isa mutum ya yi ND da HND da bautar ƙasa, ya yi aure, ya kai ɗansa firamare.

Na san abin da wani zai ce: ai gwamna da kansa ya ce a nemi bindiga. Gaskiya ne, a Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta yi kira ga mutanen Zamfara su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu. Amma rundunar 'yan sanda ta fito ta ce takunkumin bayar da lasisi yana nan, kuma harkar makamai a tsarin mulki ta tarayya ce, sanarwar jiha ba ta goge dokar 1959. Ko a lokacin ma maganar lasisi aka yi, ba a ce kowa ya buɗe maƙera a ɗakinsa ba. Da gwamnatin Dauda Lawal ta zo, sai ta bi ta hanyar ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, masu rajista da horo da kaki. Mutum yana iya jayayya a kan ko hakan ya wadatar, ni ma ina da tawa jayayyar duk lokacin da na ji labarin wani ƙauye a hanyar Shinkafi. Sai dai wannan muhawara ce daban da ta ɗalibi ya shigar da bututu wokshof da yamma bayan kowa ya watse.

Kuma a yankinmu kotu ba ita ce abin tsoro na farko ba. Ka yi tunanin an tsayar da motarku a shingen bincike tsakanin Kaura da Gusau, aka buɗe jakarka aka ga guntun bututu da aka sassaƙa, ga bidiyo goma a wayarka. Wa zai tsaya sauraron bayanin hobi? Sunan da za a kira ka da shi a wannan rana shi ne mai ƙera wa ɓarayin daji makamai, kuma irin wannan suna ba ya wankuwa ko da an sake ka. Ɗaya gefen ya fi muni. Ranar da labari ya kai daji cewa akwai wani yaro a gari kaza da ya iya gyaran bindiga, ka zama kaya mai daraja, kuma mutanen nan ba sa aiko da takardar neman aiki. Wanda ya fara don ya kare gidansu sai ya jawo wa gidan baƙin da ba a gayyata ba.

Ga wanda da gaske ƙirar makamai ce ke burge shi, ba laifi ba ne, fanni ne na injiniya kamar kowane, kuma yana da ƙofarsa. Masana'antar ƙera kayan tsaro ta ƙasa, DICON, tana Kaduna tun 1964, an kuma sabunta dokarta a 2023. Rundunonin soja suna da sassan injiniyoyi da masu kula da makamai, suna kuma ɗaukar masu difloma. A can akwai ƙarfen da aka san asalinsa, da kayan awo, da ɗakin gwaji, da takardar da ta ba ka izinin taɓa abin. Sauranmu kuwa, lissafin bututun nan shi ne dai na tukunyar gas, da tankin injin ba taya iska, da bututun injin ban ruwa a fadamun Gulbin Gagare. Ni furojet ɗina a kan injin ɓare gyaɗa ne, kuma ko a nan sai da malamin da ke duba ni ya mayar da ni sau biyu a kan kaurin sandar da ke juyawa.

Abu na ƙarshe, saboda bindigogin nan suna nan a ƙauyukanmu ko mun so ko mun ƙi, kuma wata rana hatsarin zai iya faruwa a gabanka. Mutane da yawa suna ɓoye wanda bindiga ta fashe wa a gida, ana shafa masa magani, don tsoron a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda ya samu raunin harbi ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da jiran a ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu. Ka danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, ka ɗaga hannun sama da ƙirji, kada ka ciro ƙarfen da ya nutse a nama. Idan ido ne, a rufe shi da wani abu mai zurfi kamar kofi ba tare da an danna ba, kada a wanke, kada a murza. Daga nan sai a nemi mota zuwa babban asibiti mafi kusa, in raunin ya fi ƙarfinsu su tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.